Kafin ka kai mutum jastis: ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa a Maraɗi?

Shekara uku ke nan wani abokin cinikina ya ɗauki buhun aya 40 a hannuna, da alkawarin biya bayan kasuwa biyu. Kasuwa biyu ta zama wata bakwai. Na kai kuka wurin dattawan layinmu, aka baza tabarma bayan la'asar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri, kaya ne suka maƙale a Ɗan Isa." Aka raba bashin kashi huɗu, aka shafa fatiha. Kashi ɗaya ya biya. Da na koma neman sauran, dattijo ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan kuma ya ce shi kam bai riƙe adadi ba. Ko ƙyallen takarda ba mu rubuta ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni inda zai kai rigimarsa, sai in ce masa: in an tashi daga zaman, da me za ka fito a hannunka?

Dattawa da malamai sun fi kowa araha, abin bai wuce goro ba, kuma su suka fi iya rigimar da zumunci ya shiga cikinta, irin ta gado ko ta ma'aurata. Amma ƙarfinsu kunya ce, wanda ya fitar da ita daga idonsa ba su da yadda za su yi da shi. In nan ka zaɓa, a rubuta adadi da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu.

Fada ta fi tabarma nauyi. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon sulhunta mutane a lamurran al'ada da na cinikin filaye, daga mai unguwa da hakimi har fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tibiri. In kuwa rigimar gona ce, ko burtali, ko rijiyar makiyaya, ba ma zaɓi ba ne: dokar karkara ta 1993 ta ce sai an bi ta wurinsu kafin a je gaban alƙali. Abin da mutane ke mantawa shi ne sarki sulhu yake yi, ba hukunci ba. In an shirya, karɓi takardar sulhu, wadda ma'aikata ke kira PV. In ba a shirya ba, karɓi ta rashin sulhu, da ita za ka wuce gaba. Kwamitin filaye, wato kofo, ba ya yanke shari'a, amma takardarsa kan sa mai taurin kai ya sassauta murya.

Ma'aikaci da ubangidansa kuwa, ofishin sufeton ƙwadago ne wurinsu, kuma ba a biyan kuɗin zama.

Inda ƴan kasuwarmu suka yi barci shi ne mai shiga tsakani na sana'a. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda ta yi dokar sasanci a 2017. Ku biyu za ku zaɓi mutumin, ku raba ladansa daidai sai in kun shirya wani abu daban. Ba ya ɗora wa kowa hukunci, kuma abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne, kasuwa ba za ta ji cewa jarinka ya yi rauni ba. Daɗin abin yana ƙarshe: yarjejeniyar ana kai ta kotu a buga mata hatimi, in alƙali ya yi kwana 15 na aiki bai ce uffan ba, ta tabbata da kanta, ana iya tilasta biya da ita. Da wannan na bi, da ban yi asarar buhu 30 ba. Matsalar ita ce cibiyar sasanci da majalisar ƴan kasuwa ta kafa, CMAN, tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Fara tambaya a reshen majalisar na nan, ko wurin lauya, kuma a gaya maka kuɗin a rubuce kafin zaman farko.

Sai hakami, wanda ku da kanku za ku naɗa ya yanke muku. Wannan hukunci ne sosai, ba ɗaukaka ƙara, sai dai neman sokewa bisa wasu dalilai ƙalilan, kuma wata shida doka ta ba shi in ba ku sa wani wa'adi ba. Tsada gare shi, don bashin jika ɗari biyu wauta ce. Na masu lodin tirela ne, musamman masu hulɗa da Kano da Katsina. Najeriya ba ta cikin OHADA, amma ita da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar Niyok ta 1958, wadda ta sa ake iya zartar da hukuncin hakami a ƙetaren iyaka. Sharaɗin a sa shi cikin takardar ciniki tun ana dariya, don in rai ya ɓaci da wuya mutum ya yarda ya sa hannu.

Mutumin ayar nan har yau muna gaisawa a masallacin Juma'a. Bana ma ya dawo neman wake. Na ce masa, "To, Malam, bari in kira yaro ya kawo biro."