Juyen baƙin mai bayan mota ta yi wata 14 a ajiye: yadda na ga aikin bakaniken da na kira

Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, sai na ga Corolla ɗina ta fi ƙarfin aljihuna. Na lallaɓa zuwa Yuli, daga nan na shigar da ita gida a unguwar Kawo ta Kaduna, na lulluɓe ta da tamfol, na koma bin bas zuwa Kasuwa. Da farko nakan tayar da ita duk Juma'a ta yi minti biyar, har batir ya mutu na haƙura. Haka ta kwashe wata 14, damina biyu da hunturu ɗaya.

A Satumban 2024 zirga-zirgar kai mahaifiyata asibiti ta sa dole motar ta tashi. Niyyata in sayi batir kawai in hau titi, don na zaro sandar geji na ga man garau kamar zuma, kuma ko kilomita 1,000 ban yi ba tun juyen ƙarshe. Maƙwabcina ne ya hana ni, ya haɗa ni da wani bakanike daga Panteka mai zuwa aiki har gida.

Ya ce ƙarfe tara, bai iso ba sai dab da azahar, kuma bai kira ya faɗa ba. Raina ya ɓaci. Amma da ya ga na nufi mota da makulli sai ya ce, "Alhaji, don Allah kar ka tayar da ita tukuna." Ya buɗe murfin da ake zuba mai, ya juyo min cikinsa. Wani abu ne fari-fari mai yauƙi ya manne a jiki, kamar man shanun da aka dama da ruwa. Gabana ya faɗi, don na san haka mai yake komawa in gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone ruwa ya shiga inji. Ya duba lagireto, ruwa na nan cif, babu maiƙo a samansa. Ya ce raɓa ce.

Bayaninsa ya shige ni. Inji ba a toshe yake ruf ba, iska na shiga tana fita. Rana ta yi zafi, dare ya yi sanyi, sai danshi ya taru a jikin ƙarfe ya gangara cikin mai, ballantana a watan Agustan Kaduna da ko tufafi ba sa bushewa a igiya. Motar da ke tafiya tana yin zafin da zai ƙone wannan ruwan. Wadda ke tsaye kuwa tara shi take, ya haɗu da dattin ƙonuwar fetur ya koma sinadari mai cin ƙarfe. Abin da ya fi min ciwo shi ne tayarwar minti biyar da nake yi duk Juma'a ina ganin gata nake mata. Ashe injin ba ya kaiwa zafin da zai kori ruwan, ƙara masa nake yi. Shi ya sa kamfanonin mota ke haɗa sharaɗi biyu na juyen mai, kilomita ko watanni, duk wanda ya riga cika.

A sanyi ya kwance noti, ba tare da an ɗumama inji ba, don kar gurɓataccen man ya zaga. Mai sanyi ba ya saurin zuba, sai ya bar shi yana tsiyaya kusan minti 40. Na tsuguna na gani da idona: abin da ya fara fitowa tsinkakke ne mai ruwa-ruwa, sannan mai kauri ya biyo, launinsa ya yi nisa da zumar da sandar geji ta nuna min.

Inda muka saɓa shi ne irin man da za a zuba. Shi 20W-50 yake so, wai shi suke zuba wa kowa saboda zafin garin nan. Ni kuma na nuna masa murfin, an rubuta 5W-30 ɓaro-ɓaro. Lambar farko tana nuna yadda mai ke gudu lokacin da inji ke sanyi, ta biyu kuma kaurinsa in ya yi zafi. Injin motar yana da tsarin VVT-i mai daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda da ƙarfin mai yake aiki ta wasu 'yan siraran hanyoyi, kuma injin da ya fi shekara a bushe mai saurin hawa sama yake buƙata. Na ce, "Malam, wanda ya ƙera ta ya fi ni da kai saninta." Ya yi dariya ya sallama. Wannan ɗabi'a ta zuba wa kowace mota mai kauri tana damuna, domin da ban karanta murfin ba da shi ke nan. Da kaina na je gidan mai na sayo galan mai lita 4 da hatiminsa da sabuwar filta, saboda jabun mai ya yi yawa a bakin titi.

Abin da ya yi bayan nan ne ya sa na yafe masa lattin. Ya shafa mai a robar filta ya ɗaure da hannu, ba da sifana ba. Ya sa sabon batir, ya zare fiyus ɗin famfon fetur, ya murza makulli na kamar daƙiƙa goma, ya huta, ya sake, har sau uku, sai da jar fitilar mai ta mutu. Wato mai ya zaga ko'ina kafin inji ya kama wuta. Ya zuƙe tsohon fetur da ya fara warin fenti, muka zuba sabo. A akwatin filtar iska kuma muka tarar da sheƙar ɓera cike da ɓawon gyaɗa, Allah ya taimaka bai ci waya ba. Da ya mayar da fiyus, bugu biyu ta tashi. Ta ɗan yi ƙara ƙas-ƙas, ta yi hayaƙi kaɗan, sai ta daidaita.

Kuskurensa na biyu washegari na gan shi: ɗigon mai a siminti. Tsohuwar washa ya mayar a notin juye maimakon sabuwa. Na kira shi, ya zo da yamma ya canza bai karɓi ko sisi ba, amma abu ne da bai kamata mai irin iliminsa ya manta ba. Tsohon man kuwa a jarka ya ɗure ya tafi da shi, ya ce kafintoci na saya su shafa wa katako saboda gara. Na ji daɗin da bai tuttular min a kwata ba.

Ya ba ni shawarar in sake juye bayan ɗan gajeren zango don ya wanke saura. Na yi bayan kilomita 800, man ya fito da duhu sosai. Birki ya yi kwana biyu yana gurza saboda tsatsa, tayoyi ma sun ɗan yi tsalle kafin su koma daidai, man birki kuma na canza shi a satin. Yanzu Zariya nake zuwa da ita duk mako ba matsala. Juye na gaba shi zan kira, sai dai mai da filta da washa ni zan sayo in ajiye kafin ya iso.