Wanne littafi ya cancanci kuɗinka kafin jarrabawar zama lauya?

Ko Bwari aka tura ka, ko Bagauda, Yola ko Legas, darussa biyar ne ke jiranka a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya: shari'ar da ba ta laifi ba, shari'ar laifuka, harkar filaye da kadarori, dokar kamfanoni, sai ɗa'ar aikin lauya. Masu sayar da littattafai za su yi maka caa tun makon farko, kuɗin ɗalibi kuwa ba shi da yawa.

Fara da dokokin kansu, sababbin bugu: dokar kamfanoni (CAMA) ta 2020, dokar gudanar da shari'ar laifuka (ACJA) ta 2015, Dokar Shaida ta 2011 tare da gyaran 2023, da ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi na 2023 da suka maye gurbin na 2007. Nan ne bai kamata ka yi rowa ba.

Littafin da wani ya gama da shi yana da araha, amma buɗe shafin farko ka duba shekarar bugu kafin ka sa hannu a aljihu. Littafin kamfanoni da aka buga kafin 2020 zai gaya maka sai da mutum biyu ake kafa kamfani, alhali yanzu mutum ɗaya na iya yi wa kamfani mai zaman kansa rajista. Lambobin sassan ma sun sauya, mai maki kuwa sashen yake nema. A harkar filaye tsohon bugu bai kai haka haɗari ba, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana nan, sai dai a nemi dokokin jihohi na baya-bayan nan.

Taƙaitattun bayanai da ke yawo a WhatsApp na bita ne kawai. Ba ka san wanda ya rubuta ba, kuma kuskure ɗaya kan bi ɗalibai hannu da hannu. Duk sashen da aka ambata, ka bincika shi a cikin dokar.

Tsofaffin tambayoyin jarrabawa sun fi kowane abu amfani idan an gwada da farashinsu, da sharaɗin ka zauna da biro da agogo. Rubuta takardar tuhuma, takardar rantsuwa, wasiyya da yarjejeniyar sayar da fili da hannunka, har sai sun zauna maka. Wanda ya iya doka a ka amma ya rubuta sunan kotun da ba ita ba a saman takarda, ko ya manta wurin sa hannu da kwanan wata, ya zubar da maki a banza.

Darasin kuɗi na bayan aji ya fi dacewa da mai sake zama jarrabawa. Ga sabon ɗalibi, abokan karatu uku ko huɗu masu himma sun wadatar, musamman lokacin zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauya, inda karatu kan yi sanyi.

Hular lauya da riga kuwa, bari sai sakamako ya fito. Yanzu tufafi baƙi da fari na zuwa aji kawai kake buƙata.