Manhajar karanta ajami: ta burge ni, amma sai da lura

Masu nazarin tarihi irina da ke fama da tsofaffin takardun ajami a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, ga abin da na gani a wata manhaja mai karanta rubutun hannu. Na biya kuɗin wata guda saboda wasiƙun fataken goro da wani dattijo ya ba ni izinin ɗauka a hoto, na zamanin da Jamusawa suka ci Garwa a 1901.

Da farko wallahi ta burge ni. Kowace kalma ta fitar sai ta shafa mata launi: kore idan ta tabbata, ja idan tana shakka. Ka taɓa kalmar, ta kai ka daidai wurin a hoton takardar ka duba da idonka. Abin da muke nema ke nan, na'urar da za ta ce "nan ban gane ba".

Sai na zo kan wata wasiƙa da aka rubuta cewa fatake "sun ƙi". Manhajar kuwa ta ba ni "sun fi", da kore shar! Duk wanda ya yi karatun allo a nan ya san rubutunmu na Warshu ne: ƙaf ɗigo ɗaya a sama, fa kuma ɗigonta a ƙasa. A rubutun Larabawan Gabas, mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa. Da alama da littattafan can aka horar da ita. Na bi sauran shafukan, kalmar "ƙasa" ta koma "fasa", kuma duk da kore. Kuskuren bai dame ni kamar tabbacin ba. Ɗalibin da bai iya ajami sosai ba zai kwashe wannan ya zuba a kundinsa, a jingina wa mutanen da suka riga mu gidan gaskiya maganar da ba su yi ba.

Na rubuta wa kamfanin ina tambaya: da waɗanne takardu kuka horar da ita, akwai Hausa ko Fulatanci a ciki? Kuma hotunan da na ɗora, amanar dattijo ce, ina kuke ajiye su? Amsar da na samu godiya ce kawai da tallar ƙarin wata.

Tana rage wahalar kwafa, ban musa ba. Amma ba zan sabunta ba sai sun amsa tambayoyin nan.