Motarka mai jan gaba tana ƙin shan kwana? Ga abin da za ka fara saya, ga wanda za ka ƙyale

Duk wanda ya taɓa saukowa daga Ɗa'ifa zuwa Makka ta hanyar Hada da Camry ko Elantra ya san abin da nake nufi, ka shigo kwana da ɗan gudu, ka murza sitiyari, motar sai ta yi kamar ba da ita kake ba, hancinta ya miƙe wajen ƙarfen bakin titi, tayar gaba na kuka, birai na zaune kan dutse suna kallonka. Turawa andastiya suke ce masa, ni dai ƙin shan kwana nake kiransa. Kuma ba lalacewa motar ta yi ba fa. Mota mai jan gaba inji da giya duk a gaba suke, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta yana kan tayoyin gaba, su ne masu ja, su ne masu juyawa, su ne kuma ke ɗaukar yawancin birki, to aiki ya yi musu yawa, in ka matsa su za su fara sakin kwalta. Kamfanoni ma da gangan suke saita motocin haka, dan in gaba ya zame kana ɗaga ƙafa daga totur motar za ta dawo hanya, amma in baya ne ya zame sai wanda Allah ya kiyaye.

Ni kuskuren da na fara yi shi ne na yawancin samari, na tafi sana'iyya, wato unguwar bakanikai, a Jidda na ce a sauke min mota ƙasa. Wani mai shago ya ɗaura min gajerun sifirin marasa suna a kan tsofaffin shok ɗina, ya ce yanzu za ta kama ƙasa kamar an liƙa ta. Ina! Motar ta koma tsalle kamar ɗan akuya, duk matab ɗin unguwa, tudun nan na rage gudu, sai ta goga ciki, ƙin kwanar kuma yana nan. Wani dattijon bakanike mutumin Damagaram da ya daɗe a nan shi ya tsuguna ya shafa tayar gaba ya ce min, "Yaro, shekarar wannan tayar nawa?" Na ce Baba wallahi ban sani ba. Ya nuna min lamba huɗu a gefenta, ashe ta haura shekara biyar, robar ta bushe ƙayau duk da zanenta bai cinye ba.

Dan haka taya ce farko, kuma in kuɗinka na abu ɗaya ne kawai to nan za ka zuba su. Waccan lamba huɗun da ke bayan rubutun DOT ita ce ranar haihuwar taya, in ka ga 2324 yani mako na 23 a shekarar 2024. Zafin ƙasar nan yana dafa roba, tayar da ta yi shekaru a sito ko a rana gaban banshar, wato shagon faci da taya, ba sabuwa ba ce ko da ledarta. Ka duba harafin jure zafi, A ya fi, B da dama-dama, C kam ba ta kwaltar Makka ba ce a watan Yuli. Sai lambar cinyewa, mai babbar lamba tana daɗewa amma yawanci riƙonta bai kai na mai ƙaramar lamba ba, kai za ka zaɓa tsakanin daɗewa da riƙo. Irin su Michelin Pilot Sport 4, Bridgestone Potenza, Hankook Ventus da Yokohama Advan riƙo aka yi su dominsa, sun fi tsada kuma sun fi saurin ƙarewa, mai yin Uber ko Careem da ke cin kilomita dubbai a wata gaskiya ba zan ce ya saya ba, ya nemi mai kyau ta tsaka-tsaki. In za ka faɗaɗa, ka kula tsayin tayar gaba ɗaya kar ya canja, misali 205/55 a rim 16 da 225/45 a rim 17 kusan tsayinsu ɗaya, mitar gudu ba za ta yi maka ƙarya ba har Sahir, kyamarar kama masu gudu, ta ɗauke ka hoto kana rantsuwa.

Akwai dabarar da wasu ke yi wacce ban yarda da ita ba, wai su sa sababbi biyu a gaba su bar tsofaffi a baya. E, gaba zai kama, amma ranar da aka yi ruwan farko a Jidda, ƙura da mai suka kwaɓe a kan kwalta, bayan motar ne zai riga ka shiga shataletale. Kamfanonin taya ma cewa suke in biyu za ka canja ka sa sababbin a baya. Ka daure ka canja huɗun. Iska kuma ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, a auna da sassafe taya na sanyi, in ka auna da azahar gejin zai nuna sama ka je ka rage ka cuci kanka.

Na biyu shi ne mizan, wato alaimen, kuma shi ne mafi araha a cikinsu duka. Amma ba wanda za a ɗora mota a ga allo ya yi kore a ce khalas ba. Kafin nan a duba bushin, tayarod da boljoyin, in suna da wasa duk saitin da aka yi banza ne. Abin da ke rage ƙin kwana shi ne saman tayar gaba ya ɗan kwanta ciki, kamba ke nan, digiri 1 zuwa 1.5 ya ishi motar titi, dan in mota ta kwanta a kwana tayar waje ta zauna daram da faɗinta maimakon ta hau kafaɗa. Yawancin motocin nan ba su da wurin saita kamba daga kamfani, sai ka sayi ƙusar kamba, 'yar aba ce mai sauƙin kuɗi. Ka wuce digiri 2 kuma cikin taya zai cinye, musamman in bakin tayoyin ma a buɗe yake, ga mai zirga-zirgar Jidda zuwa Madina a miƙaƙƙen titi asara ce kawai.

Shok in sun mutu a canja, babu wani dogon zance. KYB ko na asali sun wadatar, Bilstein da Koni na mai son ƙari ne kuma aljihunsa ya yarda.

Sai wanda ya fi canja halin mota, sandar sitabilaiza ta baya, ƙarfen da ke rage kwanciyar mota gefe a kwana, nan mutane ke ce mata amud tawazun. Hankali zai ba ka cewa tunda gaba ne ke zamewa gaba za a ƙarfafa, to akasin haka ne, ka sa mai kauri a gaba ƙin kwana ƙaruwa zai yi. Ta baya ake ƙara wa kauri, sai bayan ya ɗauki ƙarin kaso na nauyin da ke komawa gefe a kwana, tayar gaba ta ciki ta zauna a ƙasa ta ci gaba da ja, sai ka ji hancin motar na bin sitiyari. Abin lura, ƙarfin sandar ba daidai yake tafiya da kaurinta ba, daga milimita 19 zuwa 22 ido zai ce ɗan bambanci ne, amma taurin ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin 100. Shi ya sa nake cewa ka sayi mai ramuka biyu ko uku, irin na Whiteline, Eibach ko H&R in akwai na motarka, ka fara da rami mafi laushi. In ta yi tauri da yawa, ranar da ka tsorata a tsakiyar kwana ka saki totur gaba ɗaya, bayan zai wulwulo, kuma motar da ke ɗaukar iyali zuwa Harami ba wurin gwada wannan ba ce. Ka kuma leƙa ƙarƙashi tukuna, Camry da Accord kowace tayar baya da nata hannu, su Accent, Yaris da Sunny kuma gatari ɗaya ne ya haɗa biyun, sandarsu daban ce, a jikin gatarin ake ɗaure ta. Maɓallin nan na hana zamewa, ESC ko VSC, kar ka kashe shi a titi.

Sandar da ake gicciyawa saman inji tana da kyau a hoto in an buɗe bonet, a motar zamani da ƙyar ka ji bambanci. Koyiloba kuwa, wato shok da sifirin a haɗe da ake saita tsayin mota da shi, mai kyau tsada ne, mai araha ciwon baya ne, ga shi sauke mota da yawa na iya ja maka magana wurin fahas, wato duba lafiyar mota na hukuma, ko da Murur, 'yan sandan hanya, ka tambaya kafin ka biya. LSD, na'urar cikin giya da ke hana taya ɗaya yin gudu a banza, irin na Quaife yana aiki sosai wajen fita daga kwana da wuta, amma sai an buɗe giya, kuma yawanci na motoci masu kuloci ake samu, mu da kusan kowa otomatik yake ja ba maganarmu ba ce.

Kome ka saya, abu ɗaya za ka canja ka hau motar sati guda kafin ka taɓa na gaba, in ka canja uku rana ɗaya ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Ƙafarka ma tana da hannu a ciki, ka gama birki kafin kwana, kar ka danna totur sai sitiyari ya fara miƙewa, in gaba ya zame kuma ƙara murzawa ba ya magani, sassauta ƙafa a hankali. Masu zuwa tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da aka farke, neman sanda mai kauri daga babban samfurin motarsu, dabara ce mai kyau, sai dai ka tafi da abin awo ka auna kaurin da kanka, ka ajiye ta a ƙasa ka ga ko ta lanƙwashe daga hatsari, robobinta da 'yan sandunan da ke riƙe ta kuma sababbi za ka saya.