Kayan kamun turawut a kogin Usk: me za a fara saya kafin Maris?

A kogin Usk na yankin Wales a Birtaniya, wanda ya ratsa Brecon da Abergavenny ya faɗa teku a Newport, ana buɗe kamun kifin turawut ranar 3 ga Maris, a rufe 30 ga Satumba. Kamun da ake magana a kai shi ne na ƙwaron ƙarya, wato ƙugiyar da aka ɗaure wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro. A farkon lokacin ruwan yana da sanyi da ƙarfi, kifin kuma ba ya tasowa sai ƙwari sun ƙyanƙyashe, galibi daga ƙarfe 11 na safe zuwa wajen 2 na rana. Wani lokaci cin ba ya wuce minti 20. Duk abin da za ka saya, auna shi da wannan ɗan taƙin.

Sanda iri uku ce ke gabanka. Mai ƙafa 9 lamba 5 ita ce ta kowa da kowa: tana jifa cikin iska, tana ɗaukar ƙwaro mai iyo da mai nutsewa. Lambar nauyin zare take nufi. Ƙafa 30 na farkon zare lamba 5 nauyinsu kusan giram 9 ne, na lamba 3 kuwa giram 6.5, kuma nauyin nan ne yake lanƙwasa sanda ta yi jifa. In ka sa zare lamba 3 a sanda lamba 5, ba za ta lanƙwasa ba, jifar ta zube a gabanka. Ta biyu, mai ƙafa 10 lamba 3, an yi ta ne don bin ƙasan ruwa da ƙwari masu nauyi a kusa da kai. Tsawonta yana ɗaga zare daga kan ruwa, ƙwaron ya tafi daidai da gudun kogi. A ranakun da babu abin da ke tasowa ta fi kowace kamu, amma iskar Maris tana wahalar da ita. Gajera mai ƙafa 7 da rabi ta ƙananan rafuka ce masu rufin bishiya, a babban Usk asarar kuɗi ce. Mai sayen sanda ɗaya tak ya ɗauki ta farko.

Kwarkwaron naɗe zare ba wurin kashe kuɗi ba ne, ma'ajiya ce kawai. Abin da ka rage a nan ka zuba shi a zare mai iyo mai nauyi a gaba, don zaren banza yana murɗewa cikin sanyi, bakinsa ya riƙa nutsewa.

Siririn zaren da ke riƙe ƙugiya shi ne inda ake yawan kuskure. Raba lambar ƙugiya gida uku, ka samu lambar X da ake auna kaurin zaren da ita: ƙugiya lamba 12 tana son 4X, mai kaurin milimita 0.18, lamba 16 kuma 5X, milimita 0.15. In ya yi kauri, ƙwaron zai riƙa jan layi a kan ruwa, kifi ya ƙi shi. In ya yi siriri da yawa, babban ƙwaro zai murɗe shi har ya tsinke. Nailan ya fi sauƙin kuɗi, kuma nauyinsa kusan na ruwa ne, shi ya dace da ƙwaro mai iyo. Zaren fulorokabon ya fi nauyi, yana nutsewa, yana jure gogar dutse, sai dai ba ya ruɓewa, kada a yar da guntunsa a bakin kogi. Ko wanne ne, jiƙa ƙulli kafin ka ja shi, zafin gogayya yana raunana shi.

Akwatin ƙwari ba ya bukatar cika. A Maris da farkon Afrilu ƙwari biyu ne ke tayar da kifi, Large Dark Olive a ƙugiya 14 da March Brown a 12. A Afrilu ƙwaron grannom ya biyo baya. Don ƙasan ruwa, ƙwaron ƙarya mai suna Pheasant Tail da Frank Sawyer ya ƙirƙiro a kogin Avon na Ingila har yanzu yana aiki. Sayi masu kan tangistin, wani ƙarfe mai nauyi, girman kan milimita 2.5 zuwa 3.5. Tangistin ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu, kuma a ruwan da ya cika, mai kan tagulla yakan wuce ta saman kifi bai kai gare shi ba. Ƙara ƙwaron ƙarya Waterhen Bloa guda uku ko huɗu don lokacin da kifi ke cin ƙwari dab da saman ruwa.

Wandon shiga ruwa kuwa, na niyofirin, wata roba mai kauri, yana da ɗumi amma da ka fara tafiya gumi zai jiƙa ka, sanyi ya biyo. Mai fitar da gumi ya fi, a sa wandon ulu a ciki, ban da auduga. Ɗamara dole ce, ita ke hana ruwa cika wandon idan ka faɗi. Duwatsun Usk suna da santsi. Tafin takalmi na matsattsen ulu ya fi kama su, amma yana daɗewa bai bushe ba, yana kwasar cuta da tsiro daga kogi zuwa kogi, dalilin da ya sa New Zealand ta hana shi a 2008. Tafin roba mai ƙusoshi da sandar dogarawa sun wadatar.

Kafin duk wannan akwai takardu biyu: lasisin sanda na gwamnati, wanda ya wajaba daga shekara 13, da izinin mai wurin, wanda gidauniyar Wye and Usk take sayarwa na kwana ɗaya a sassa da dama na kogin.