Yadda ake auna ƙarfin sifirin mota a Ingila

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da yaran gareji a Gombe.

Makon jiya an kawo garejin da nake aiki wata tsohuwar mota ƙirar MGB mai kujera biyu, irin waɗanda aka ƙera a garin Abingdon na nan Ingila daga 1962 zuwa 1980, mai ita yana kukan tana kwantawa a kwana. A gida da mun danna gabanta da hannu mun yanke hukunci, amma maigidana ya sa na ciro sifirin gaba guda biyu na ɗora kowanne a kan sikeli ƙarƙashin injin matsi. Na matsa kaɗan har ya zauna daidai, na rubuta nauyin da sikelin ya nuna, sannan na ƙara matsa inci ɗaya cif ina duban rula. Bambancin nauyin biyu shi ne ƙarfin sifirin, wanda a nan suke lissafawa da laba a kowane inci.

Abin da ya ba ni mamaki, Yaya, shi ne ƙarfinsu bai ragu ba duk da tsufa. Tsawonsu ne ya gajarce, na hagu ya fi lotsawa. Na kuma fahimci cewa idan aka yanke zagaye ɗaya daga murɗaɗɗen sifirin, kamar yadda wasu ke yi a wajenmu, sifirin ƙara tauri yake yi.

Mun sa sababbi masu tauri fiye da na asali, muka canja robobin da suka mutu, muka sake wa shakazobarta mai, domin tata mai hannu ce, tana da wurin zuba mai. Kayan sun iso washegari da lambar ƙarfinsu a rubuce, alhali an daina ƙera motar shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

Sai dai kuɗin aiki a nan da awa ake biya, kuma yana da tsada ƙwarai, saboda haka ba a cika gyara abu ba, sauyawa ake yi. Har yau ban ga wanda ya iya buga ganyen sifirin baya da guduma ya maido masa da lanƙwasarsa kamar yadda kake yi wa akori-kura masu bin hanyar Dukku ba. Don Allah ka nemi sikelin 'yan hatsi da jak mai ƙarfi, ka haɗa su cikin firam na walda don auna sifirin, ni kuma zan turo maka hoton namu ta WhatsApp.