SAID, rumbun da ya fahimtar da ni amfanin daidaita alƙiblar foton

Na jima ina amfani da SAID, rumbun bayanai na kyauta da masana a Jami'ar George Washington ta Amurka ke kula da shi a intanet. Duk ɗalibin da ya tambaye ni ta ina zai fara nazarin zaburar furoton, can nake tura shi.

Furoton dai ƙwaya ce da ke tsakiyar atom, kuma wasu ƙananan ƙwayoyi uku ne a ɗaure, waɗanda ake kira kwak. In aka harbe shi da foton mai ƙarfi, wato ƙwayar haske, sai ya zabura, ya koma wani yanayi mafi nauyi, nan take kuma ya huce ya tofar da fayon, wata ƙwaya da ba ta kai shi nauyi ba. Ba mai ganin yanayin da ido, sai dai a bi sawun abin da ya fito. SAID ya tara ma'aunan da aka yi a cibiyoyin gwaji irin na Jefferson Lab da Mainz da Bonn, ya haɗa da nasa lissafin. Kai dai ka zaɓi ƙarfin foton da abin da kake son gani, ya zana maka.

Ranar farko na nemi yanayin zaburar da ake kira Delta, mai nauyin MeV 1232 (da MeV ake auna nauyi da ƙarfi a wannan fanni). A nan sabon shiga ya kula: foton mai kimanin MeV 340 ne ke tayar da ita in furoton na tsaye, ba mai 1232 ba. Da na duba wajen, ga tudu a zanen ya miƙe shi kaɗai, gwanin kyau.

Gaba kaɗan ne aikin ya cakuɗe. Yanayin da ake kira Roper na MeV 1440, da na 1520, da na 1535, duk sun hau kan juna, ƙidayar fayon kawai ba ta raba su. Sai na koma kan ma'aunin Sigma, wanda ake samu idan an daidaita alƙiblar foton, wato gefen da yake kaɗawa, galibi ta hanyar samar da shi daga ratsa ƙwayoyin lantarki cikin siririn lu'ulu'u. Fayon ɗin ba sa fita daidai wa daida ta kowane gefe, kuma wannan karkatar da Sigma ke aunawa ce ke tona ƙananan yanayin da manya suka danne. Na yi shekaru ina karanta cewa ma'aunai irin su Sigma 16 ne, kuma sai an haɗa aƙalla 8 da aka zaɓa da kyau kafin hoton ya cika. Ban ji abin a jikina ba sai da na ga zanen nan yana sauya siffa duk sanda na ƙara ƙarfin foton.

Shafin ba shi da ado, kuma bai zo don koyar da kowa daga tushe ba. Wanda bai san alamomin ba, ya ajiye littafinsa a gefe. Ni kuma ba na tsayawa kan amsarsa ita kaɗai, nakan gwada ta da ta MAID na Mainz da ta rukunin Bonn-Gatchina, waɗanda su ma suke irin wannan lissafin. A wajen Delta bakinsu kusan ɗaya ne. Can sama ne suke rabuwa, inda har yanzu ake neman yanayin da lissafin kwak ya ce akwai amma gwaji bai tabbatar ba.